Tafi Ba Ya Gyara Waƙa: Kira Ga Majami'un Hausa Na Kano

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini. Maganar da ke tafe da mu ta cikin gida ce, ta Kiristoci masu yin sujada da Hausa a birnin Kano, amma duk wanda ya taɓa tsara baiti ko ya rataya ganga, Musulmi ne ko Kirista, zai san inda take ciwo.

Ranar Lahadi, daga Sabon Gari zuwa Badawa da Birged, da wuya a tashi sujada ba a kira wani ya ba da waƙa ta musamman ba. Yarinya ta fito da waƙar da ta kwana uku tana haɗawa a wayarta, mai kibod ya yi ta lalube yana neman muryarta har a ci rabin baiti, a gama, a tafa, mai jagorar sujada ya ce Allah ya ƙara baiwa. Shi ke nan. Babu wanda ya ji waƙar kafin ta fito da ita, babu kuma wanda zai zauna da ita bayan an tashi ya ce, "Ƙanwata, ɗango na uku ba a ji abin da kika ce ba, amshin kuma ya yi wa jama'a tsawo." Wata mai zuwa za ta kawo wata da kuskure iri ɗaya. Bayan shekara biyu, ko ta gaji ta bari, ko ta ɗauka ta gama ƙwarewa. Kowanne ya faru, ikilisiya ce ta yi hasara.

Baiwa ba ta yi mana kaɗan ba. Zumunta ma, in dai ta suna ce, har ta yi yawa: ta mata, ta maza, ta matasa, ta kowace ƙabila, ga zaurukan WhatsApp inda ake zuba "Amin" da hoton wuta a ƙarƙashin duk abin da aka tura, sau da yawa ba a ma buɗe shi ba. Abin da muka rasa shi ne mutum shida zuwa goma da za su saurari aikinka da kunnen basira, su gaya maka gaskiya, su kuma san ko ka biya kuɗin haya. Hausawa cewa suka yi zumunci a ƙafa yake, ba su ce a yatsa ba.

Wanda yake ganin wannan sabon salo ne ya buɗe Fitowa sura 31 a Littafi Mai Tsarki. An kira Bezalel daga kabilar Yahuza, aka cika shi da Ruhun Allah domin aikin zinariya, azurfa, tagulla da sassaƙar dutse da itace, amma ba a bar shi shi kaɗai ba, aka haɗa shi da Oholiyab daga kabilar Dan. Sura 35 aya 34 ta ƙara da cewa su biyun an ba su baiwar koya wa waɗansu. A 1 Tarihi sura 25 an ƙidaya horarrun mawaƙa 288, da aka zo rabon aiki kuma kuri'a aka jefa, babba da yaro, malami da almajiri, duk layi ɗaya. Wurin da ya fi kama da halinmu shi ne Ayyukan Manzanni 18:26. Afolos mai baki ne, masanin Littattafai, yana wa'azi a Afisa gaba gaɗi, amma saninsa da saura. Bilkisu da Akila, masu sana'ar ɗinkin tanti, ba su tsaya ga jinjina masa ba, ba su kuma tsinka shi a bainar jama'a ba. Gefe suka ja shi suka ƙara masa haske.

Ko a marinar Ƙofar Mata haka abin yake. Marini ya tsoma zane a ruwan baba, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa, don iskar ce ke sa launin ya kama. Daga nan sai wurin mabuga, su shimfiɗa shi a kan kututture su yi ta kirɓa har ya yi ƙyalli. Ba a taɓa jin an ce mabugi maƙiyin marini ne ba.

Bari mu fara da harshe, don nan ɓarnar ta fi yawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, kuma Littafin Waƙoƙi da muka gada, galibinsa fassarar waƙoƙin Turawa ne da aka bar musu muryoyinsu na asali. Ba raina aikin magabata muke yi ba, da waɗannan waƙoƙin aka yi wa iyayenmu baftisma, da su aka raka su kushewa. Sai dai sun bar mana wata ɗabi'a: a ɗauko murya tukuna, sannan a cusa mata kalmomi ko sun shiga ko ba su shiga ba. Waƙar Turanci gaɓoɓi take ƙirgawa, takwas a wannan ɗango, shida a wancan. Waƙar Hausa auna gaɓa take yi. Gaɓa mai gajeren wasali bugu ɗaya ce, mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi bugu biyu. Ɗauki "Ubangiji": gajera, doguwa, gajera, doguwa, bugu shida ke nan. "Alheri" gaɓa uku ce kacal, amma duka dogaye, ita ma bugu shida. Mai ƙirga gaɓa zai ce ba su yi daidai ba, kunnen Bahaushe kuwa ya san wuri ɗaya suke ci.

Idan aka yi sakaci da wannan, ba daɗi kawai ke tafiya ba, har ma'ana. A waƙar Kirsimeti, in murya ta ja "ga" ɗin "garin Dauda", an tashi daga Baitalami an koma wurin mai injin niƙa. In aka ja "ta" ɗin "ku tafi", aiken bishara ya zama tafin hannu. "Suna" da ke nufin jama'a na cikin yin abu, da "suna" da ake raɗa wa jariri, tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su. Shi karin sautin, hawa da saukar murya, waƙa takan ɗan yi wasa da shi ba a ji ciwo ba, amma tsawon gaɓa ba ya yafiya. Gwajin ba wuya. A rubuta baitin a takarda, a sa ɗigo a ƙarƙashin kowace gajerar gaɓa, a ja sanda a ƙarƙashin doguwa, sannan a karanta da bakin magana ana buga tebur. Duk inda muryar waƙar ta tsaya a kan ɗigo ta daɗe, ko ta tsallake sanda a guje, a canza kalmar ko a lanƙwasa muryar. A jera baiti na ɗaya da na biyu a ga ko ɗigo da sanda suna faɗuwa wuri ɗaya. In ba sa yi, shi ya sa jama'a ke tuntuɓe da zarar an bar baitin farko.

Akwai kuma gaskiyar da ake jin nauyin faɗa. Da yawa daga cikin masu sujada da Hausa a Kano 'yan Filato ne, ko Kudancin Kaduna, Gombe, Adamawa da Borno, Hausa yarensu na biyu ne ko na uku. Wannan ba abin kunya ba ne, ita ce ma ta haɗa mu a benci ɗaya. Amma waƙar da za a buga a faifai tana bukatar kunnen wanda ya sha Hausa a nono, kuma muna da su, Hausawa Masihiyawa daga ƙauyukan Kano da Katsina suna zaune a bencin baya ba a tambayarsu komai. Su ne za su ce maka ƙauna "ta" cece mu ake cewa, ba "ya" ba. Su ne za su nuna maka cewa in ka rubuta ƙasa babu lanƙwasa ka kira maciji, in kuma ka ƙara wa kwaya lanƙwasa ka mai da ƙungiyar mawaƙa abin da hukuma ke kamawa. Allon rubutu mai ɓ, ɗ da ƙ kyauta yake a kowace waya.

To, yaya zaman masu sauraren aikin juna zai kasance? Mutum shida zuwa goma, kada a wuce. In an haura haka masu kunya sukan yi shiru, masu baki su cinye lokaci. A haɗa iri daban-daban: mai rubuta waƙa, makaɗi, uwa ɗaya daga zumuntar mata, wanda ya san Littafi sosai, Bahaushe ɗan asali, da mutum ɗaya da ba ya waƙa sam, don shi ne wakilin jama'a. Asabar biyu a wata, daga ƙarfe huɗu zuwa shida, a tashi kafin magariba saboda masu neman Adaidaita Sahu zuwa nesa, musamman mata. Aiki uku a kowane zama, rabin awa kowanne, sauran lokacin na addu'a ne da tambayar gida. Mai aiki ya zo da rubutunsa a takarda, kowa ya samu kwafi. Ya fara karantawa babu kiɗa, sannan ya rera sau ɗaya, daga nan ya kama bakinsa. Wannan shirun shi ne ginshiƙin zaman. Da zarar an bar shi ya fara "abin da nake nufi shi ne", an ɓata gwajin, don ranar Lahadi ba zai bi benci-benci yana bayani ba. Wani ya faɗi da kalmominsa abin da ya ji waƙar ta ce. In ya yi daidai da nufin mai ita, madalla. In ya kauce, a nemo ɗangon da ya karkatar da shi. Sai kowa ya nuna wuri ɗaya da ya kama shi da wuri ɗaya da ya sake shi, da yatsa a kan takarda. "Ta yi daɗi" ba amsa ba ce, "ba ta yi ba" ma haka.

Mai sanin Littafi aikinsa ya duba abin da waƙar ke koyarwa, don jama'a sukan manta wa'azi kafin su isa gida amma su yi mako suna rera amshi a bakin murhu. Waƙar da ta yi alkawarin cewa mai bi ba zai taɓa ganin wahala ba, ranar da aka kai ta gidan makoki za a gane illarta. Zabura cike take da kuka da tambaya, mu kuwa sababbin waƙoƙinmu kusan duk na rawa ne, har in aka yi rashi sai an koma tsohon littafi.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ta sujada ba haka take ba, sai ta yi daɗi a bakin jama'a. Saboda haka amshi kada ya wuce ɗango biyu. A samo tsohuwa, da yaron makarantar Lahadi, da dattijo ɗaya, a rera musu sau uku. In a na huɗu ba su kama ba, a rage. Yawancin mutane, maza da mata, suna waƙa cikin sauƙi daga sautin C zuwa D na sama a kan kibod, zango ɗaya da 'yar ɗoriya. Kuskuren da aka saba shi ne mai ba da waƙa ta zaɓi inda muryarta ta fi zaƙi, can sama, sai maza su yi ƙasa suna gurnani, tsofaffi su koma kallo. A gwada murya da safe, lokacin sujadar farko, ba da yamma da maƙogwaro ya buɗe ba. Mai kibod kuma da ya iya maɓalli ɗaya tak yana dogara da madannin da ke ɗaga sauti ko sauke shi, zaman nan ne wurin da za a ba shi wata uku ya koyi biyu a kai.

Kayan sauti ma sun zama abin raba zumunci. Tulun zumuntar mata, da caki, da kuge, an yi su ne daidai da muryar mutum, shi ya sa in mata suka tashi ana jin kowace kalma. Da an kunna kibod da gangunan bature a lasifika sai tulun ya nutse, kalmomi su bi shi. Dokar mai sauƙi ce: wani ya tsaya a bencin ƙarshe lokacin gwaji, in bai iya maimaita ɗangon da aka rera ba, a rage kiɗa, kada a ƙara makirufo. Ihun da lasifika ke yi yakan zo ne in makirufo ya shiga gabanta yana jin abin da take fitarwa, ko in mawaƙi ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu. A ajiye lasifika gaba da layin mawaƙa tana fuskantar jama'a, a riƙe makirufo daga gindi, tazarar yatsa uku daga baki. A kuma juya ta cikin ɗaki, ba waje ba. Gari ɗaya muke da maƙwabta, suna da lokutan sallarsu da marasa lafiyarsu, kuma ƙara ba ta taɓa zama shaida ba.

Masu wasan kwaikwayo ciwonsu ɗaya ne: ba sa rubutawa. A raba matsayi ranar Alhamis, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa ranar Lahadi, wasan minti goma ya kai arba'in, mai fitowa a Shaiɗan ya kwashe dariyar duka, saƙon ya zo a guje a ƙarshe. A rubuta, a tsaya a minti goma sha biyu zuwa sha biyar, a yi gwaji uku, na ƙarshe da agogo a hannu. Dariyar da aka samo daga kwaikwayon Hausar wata ƙabila, ko naƙasar wani, ko addinin maƙwabci, zaman ya cire ta tun a takarda.

Irin wannan zama yana mutuwa ta hanyoyi sanannu. In fasto ne ke shugabanta, kowa sai ya jira ya ji ta bakinsa. Gara ya sa albarka ya ba da ɗaki, ya riƙa leƙowa jefi-jefi, jagoranci kuma ya riƙa zagayawa. In magana ta fita, aka ji a bakin ƙofar coci cewa an yi wa waƙar wance kaca-kaca, ba mai sake kawo ɗanyen aiki. In gwanaye suna gyara na wasu amma ba sa kawo nasu, ya zama kotu. Don haka wanda ya fi kowa ƙwarewa shi zai fara ajiye aikinsa a zaman farko, yara su ga an ce masa gyara kayanka bai ɗauka sauke mu raba ba ne. Sai hassada da ƙabilanci, waɗanda ba sa zuwa da sunansu, sukan zo ne a rigar "ni dai shawara nake bayarwa". Maganinsu shi ne dokar yatsa a kan takarda: wanda ba zai iya nuna ɗangon ba, ya riƙe ra'ayinsa. Akwai kuma satar fasaha. Duk aikin da aka kawo a rubuta shi a littafin zama, da sunan mai shi da kwanan wata.

Maganar kuɗi ba ma son ta, ita kuwa ke korar mana yara. Saurayi yana kiɗa a sujada biyu, da gwaji biyu a mako, da biki da jana'iza, tsirkiyar jita ta tsinke ya saya da kuɗinsa, ranar da ya tambayi na mota a ce ya zama ɗan duniya. Gobe in wata majami'a ta yi masa tayi ya tafi, a ce ba shi da aminci. 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ko ba za a iya albashi ba, dattawa su sa tsirkiya, fatar ganga, batir da kuɗin mota a kasafin shekara, kamar yadda ake sa man janareta. Su kuma 'yan zaman su yi adashi, duk wanda kwasa ta zo kansa a kai aikinsa situdiyo, bayan ya bi ta hannun 'yan'uwa. Kafin a shiga, a rubuta a shafi ɗaya wanda ya tsara kalmomi, wanda ya sa murya, wanda ya biya, da yadda za a raba in wani abu ya shigo, kowa ya sa hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa da zarar an rubuta ta ko an naɗe ta, har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, amma doka ba za ta san wa ya yi me ba in ba a rubuta ba. Ƙungiyoyin mawaƙa da yawa ba a kan koyarwa suka watse ba, a kan faifai ne.

Aikin farko da muke roƙon kowane zama ya ɗauka ba na 'yan zaman ba ne. A kowace zumuntar mata akwai iyaye masu waƙoƙin da suka tsara da ka, ba takarda, masu kari da amshi irin na Hausa tsantsa, kuma duk wadda ta rasu da nata take tafiya. Waya ta isa a naɗe su. A zaɓi ɗaki mai labule da kujerun soso, a kashe fanka, janareta ya yi nisa ko a jira wuta, a rufe layin wayar kada kira ya katse. A ɗora ta a kan tebur, taku biyu daga mai ba da waƙa, 'yan amshi a bayanta, tulu da caki can baya. Kafin a fara, Mama ta faɗi sunanta da bakinta, da lokacin da ta yi waƙar, da abin da ya sa ta yi ta. A naɗa sau biyu. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil don kada a matse sautin, a ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a ofishin ikilisiya. A rubuta kalmomin a makon, a koma a karanta mata ta gyara, a kuma nemi izininta kafin wani ya ɗora wa waƙar kibod.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Naka,
Wasu masu hidimar waƙa da wasan kwaikwayo,
Sabon Gari, Kano.